Kiran da Ya Zo Ta Baya

Ranar da ya fara shigowa ɗakin gwajin ji, bakinta yake kallo, ba idonta ba. Ta saba da haka. Duk wanda kunne ya fara yi wa gardama, a leɓe yake kama magana.

Kafinta ne, ƙarar injin yankan katako ta ci masa kunnuwa. Ita kuwa aikinta ke nan a asibitin: ta auna ji, ta zaɓi na'urar kunne, ta saita ta da kwamfuta daidai da mai ita.

Ta maƙala masa na'urar, ta bi abin da manhajar ta nuna.

"Yaya kake ji na?"

"Kamar kina magana daga cikin gwangwani."

Ta ja wani layi ƙasa a allon. "Yanzu fa?"

Idonsa ya ciko. "Sake faɗin wani abu. Ko mene ne."

"Ba waƙa na zo yi maka ba, malam."

"Ai faɗan ma da daɗi."

Daga nan na'urar ta daina lafiya. Yau ta cika ƙara, gobe tana fito. Ta san ƙarya yake, ba ta hana shi zuwa ba. Ya raɗa mata Gwanata, ita kuma tana kiransa Mai Zarto.

Saboda hayaniyar shagonsa, ta saita na'urar ta riƙa kama abin da ke gabansa kawai, ta danne sautin baya. Gyaran ya yi masa daɗin aiki, shi ne kuma ya kusa raba su.

Ranar da ya je gaida iyayenta, ya miƙe zai tafi sai mahaifinta ya kira shi ta baya daga kujera. Ya sake kira. Kafinta ya sa takalminsa ya wuce.

"Yaron da babba zai kira ya ba shi ƙeya?" in ji Baba. "Ko raini ne ko kurumta, ba na son ko ɗaya. Ga ɗan abokina mai kantin magani, kunnuwansa garau."

"Garau ɗin da ba sa jin kowa sai kansa," ta faɗa ƙasa-ƙasa. Mama ta harare ta.

Labari ya kai masa. Tana tsakiyar aiki saƙonsa ya shigo:

"Gwanata, an gaya min abin da Baba ya ce. Idan na zame miki abin kunya, ki faɗa min a rubuce, kar na ce ban ji ba."

Ta amsa:

"Mai Zarto, ni na saita kunnen nan, laifin hannuna ne. Gobe da yamma ka zo gidanmu. Kar ka ja hula ka rufe na'urar, a gan ta."

Washegari ta dire kwamfutarta a teburin falo, kusa da tabaran Baba.

"Asibiti kika mayar min da gida?"

"Baba, ni na toshe masa baya saboda inji. Yau zan buɗe, kuma muryarka nake buƙata."

"To na'ura ce za ta riƙe miki gida?"

"Tabarau ne ke karanta maka jarida, Mama kuma ba ta tafi ba."

Mama ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Da kafintan ya iso, 'yar tasu ta zaunar da shi yana fuskantar bango. Baba ya tsaya a bayansa yana hura hanci.

"Ɗaya, biyu," ya ce.

"Ba ƙirga ba, Baba. Magana irin ta kullum, da muryar da kake yi mana faɗa."

Baba ya gyara tsayuwa. Da ya buɗe baki, ba muryar faɗa ce ta fito ba. Ta yi ƙasa sosai, har sai da 'yar tasa ta ƙara wa tattausan sauti ƙarfi a allon.

"Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta iya kuka da ƙarfi ba. Idan ciwo ya kama ta a ɗaki ta kira ka, za ka ji?"

Kafinta bai juyo ba.

"Na ji ka, Baba. Idan na'urar na kunnena, zan ji. Idan na cire ta, ba zan ji ba, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka ba ni ita ba. Amma ba zan bar ta inda sai ta ɗaga murya ba."

"In na ce a'a fa?"

"Sai mu jira, Baba," ta ce, hannunta bai bar kwamfutar ba. "Mai kantin magani kam ya nemi wata."

Baba ya dubi Mama neman taimako. Mama ta shiga gyaran labulen da babu abin da ya same shi.

"Juyo, ɗana," ya ce a ƙarshe. "In ga fuskar wanda zan ba amana."

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Da za su tafi, Baba ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Kai kuma, Allah Ya ba ka haƙurin bakin wannan."

"Amin," ango ya amsa tun Baba bai rufe baki ba.

"Wannan kam ka ji da sauri," in ji amarya, tana share hawaye tana dariya.