Murhun da Ba a Hura wa Wuta

Ta haihu! Zuwaira, wallahi Anti Murja ta sauka, mace, kuma ba a yi mata aiki ba! Matso nan, rage murya. Akwai abin da ba a faɗa wa mutane ba. Yaya Nafi'u, mijinta, ɗan wan babana, shi ya ba Hajja Kulu kakarmu labari, ni kuma ina bayan ƙyaure ina ji.

Kin san gidanmu na gona a hanyar Funtuwa, wanda ake ce wa Gidan Mai Lofe. Wani Bature mai sayen auduga, mai yawan shan lofe, aka gina wa, kuma Barmo magini, baban Hajja Kulu, shi ya gina. Duk ƙasa ne. Kaurin bangon ya kai ki kwanta a kan taga. Rufin azara, falon an yi masa ɗaurin guga, irin rufin nan mai baka, ga baranda ta zagaye shi. Sai Baturen ya kafe sai an yi masa murhu a cikin falo irin na ƙasarsu, da hanyar hayaƙi ta fita ta sama. Wurin da ya nuna kuwa, tsohuwar tsamiya ce a tsaye.

Barmo ya san tsamiyar da masu ita. An ce kafin a sare ta sai da ya je shi kaɗai ya zauna a gindinta. Ba wanda ya san me suka yi da su. Ya dai gina murhun daidai kan kututturen, ya ce wa Bature in aka hura wuta rufin zai tsage. Har Baturen ya koma ƙasarsu ya bar wa Barmo gidan, ko tsinke ba a ƙona a ciki ba. Dokar da muka gada ke nan: ba a hura wuta, ba a rufe saman. In damina ta zo, daro ake sawa ya tari ruwan.

To bana Yaya Nafi'u ya tare da Anti Murja a gidan. Ga ta da tsohon ciki, ga ruwa na zuba a falo, ga sanyi. Shi kuma aikinsa ke nan, gini. Ya hau sama ya kifa guntun kwano a bakin ramin hayaƙin, ya shafe da siminti. Bai gaya wa Hajja ba.

Naƙuda ta zo, aka kai ta asibiti, sai abu ya tsaya cak. Ta kwana, ta wuni, ta sake kwana. Yau da safe likita ya ce in la'asar ta yi ba labari, aiki za a yi, kuma ƙarfinta ya ƙare. Aka aiki Yaya gida ya ɗauko zannuwa.

Tsakar rana ya isa. Kowa na asibiti. Ko kaji ba sa motsi.

Yana kafe babur ya ga mace zaune a baranda, ta jingina da bangon murhu ta waje. Ciki gare ta, ƙato, ya sauko. Ta lulluɓe kanta. Ya yi sallama, ya zaci 'yar ƙauye ce ta zo dubiya.

"Jinin Barmo," ta ce. "Ka rufe min ɗaki."

Muryar kamar an sa kai a cikin randa ana magana. Ya ce mata ai ɗakuna duk a buɗe suke, ta shiga ta huta. Ya kai hannu zai tura ƙofa, sai idonsa ya sauka ƙasa. Zaninta ya ɗan yaye. Zuwaira, dugaduganta ne a gaba. Yatsun suna kallon bango.

Ya nemi addu'a a kansa, ko ɗaya ba ta zo ba.

"A nan uwata ta haife ni," ta ce. "A nan muke sauka, tun da itace a wurin. Kakanka ya bar mana hanya."

Ya ce mata bai sani ba, matarsa yake ji wa sanyi. Ta ɗan juyo da kai, mayafin bai motsa ba.

"Na san da ita. Tana jira, ina jira. In ban sauka ba, ba ta sauka."

Sai ta yi nishi. Irin nishin da ya baro Anti Murja tana yi, sak, har yadda take kiran Allah a ƙarshe.

Babur na nan kusa, makulli a hannunsa. Ya ce ƙafarsa har ta juya. Amma ya zagaya baya, ya jingina tsani, ya ɗauki guduma. Yana hawa, tsanin na ƙara sau biyu, nasa takun da wani a ƙasansa. Bai waiga ba. Ya taka rufin ƙasar nan a hankali, ya durƙusa. Inuwarsa kaɗai yake gani, amma numfashi mai ɗumi na sauka a ƙeyarsa.

Ya buga. Simintin ya ƙi. Gudumar na zamewa. Ya sake bugawa, ya sake, har kwanon ya ɗaga. Yana janye shi wata iska mai sanyi ta goge kuncinsa ta faɗa ramin, da ƙamshin ɗanyar tsamiya.

Shiru.

Can ƙasa, daga cikin murhun, jariri ya tsala kuka.

Bai gama ja da baya ba wayarsa ta ɗau ƙara. Hajja Kulu ce, tana dariya tana kuka, ga wani kukan jaririn a bayanta. Ya ce tsaye ya yi a kan rufi, kunne ɗaya na jin 'yarsa, ɗayan na jin na ƙasa.

Dole ya shiga ɗauko zannuwan. Falo ba kowa. A bakin murhun an ajiye ƙwarya cike da tsamiya, sabuwa, har da ganye, alhali ba lokacinta ba ne, kuma tun zamanin Barmo ba a sake ganin itacen a wajen ba. Ya kai wa Hajja ƙwaryar, ya ba ta labari duka. Ta ce a dama wa mai jego kunu da ita, ba a mayar da kyautar maƙwabta. Ta kuma ce daga yau har a yi arba'in kar wanda ya shiga falon nan shi kaɗai, kar a yi hayaniya, in an ga tururi na fita ta sama da sassafe a kau da kai, wanka ake yi.

Ni da ɗakina ke jikin bangon nan fa! Na ce a ɗakin Hajja zan riƙa kwana.

Don Allah, Zuwaira, kar ki gaya wa kowa tukuna, ko Ummanki. Anti Murja ba ta sani ba, kuma gobe za a dawo da ita gidan.