Layi Uku a Batirin Inna

Shekara goma sha tara ina ɗaukar hoto, amma ba ni da hoton Inna ko ɗaya. Na ɗauki amare, na ɗauki 'yan makaranta, har wani mutum na ɗauka rungume da sabon firjinsa. Ita kuwa duk lokacin da ta ce, "Auta, ɗauke ni mana," sai in ce batirin na aiki ne, ta bari sai an kawo wuta. Ta ce to. Haka muka yi ta yi har ta daina tambaya.

Ranar da abin ya faru, wajen bikin yaye ɗalibai na yini. Batir uku gare ni, kowanne na manna masa takarda da lamba, kuma duk sun mutu kafin la'asar. Na koma shago na tarar an ɗauke wuta. Ina tsaye ina tsaki sai ga wayar Yaya, babbar yayarmu da ke jinyar Inna. Ta ce jiki ya tsananta, tun rana Inna ba ta ce komai ba sai tambayar ko Auta zai zo da kyamara.

Na murza batiran a tafin hannu, na cusa ɗaya a hammata. Dabararmu ke nan, in batir ya ji ɗumi yakan ba ka hoto ɗaya ko biyu. Ranar ko ƙiftawa kyamarar ba ta yi ba. Na rataye ta haka nan, na hau babur.

Gidan Inna yana bayan gari. Rana ta faɗi, shagunan kayan waya duk sun rufe. A kwanar wata 'yar gada na hango tebur da fitila, wani tsoho zaune a bayansa. Ban taɓa ganinsa ba a hanyar da nake bi duk mako. To, duk wata, in gaskiya zan faɗa.

Na kashe babur. Wajen tsit, ko kukan gyare babu. Wani ƙauri ke tashi, irin na wayar wuta in ta ƙone. Ban kai ga faɗa masa irin kyamarata ba, ya ɗora min batir a hannu.

Mu a sana'armu da hannu ake zaɓen batir. Jabu sakayau yake kamar kwalin ashana, na asali kuwa da nauyinsa. Wannan ya fi na asali nauyi. Babu rubutu a jikinsa, kuma da ɗuminsa. Nauyin kawai na duba, na yi wa kaina kirarin gwaninta.

"Baba, akwai caji a ciki?"

"Zai samu," in ji shi, can ƙasa-ƙasa.

Na tambayi kuɗi, ya girgiza kai, ya naɗe min yatsuna a kan batirin. Hannunsa sanyi ƙalau. Da kunya nake faɗa, amma murna na yi, banza ta faɗi.

Ɗakin Inna warin magani yake da man zafi. Kyandir ɗaya ke ci a kan kwaba. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Ka zo da ita?"

"Na zo da ita, Inna."

Ta sa Yaya ta gyara mata ɗankwali, ta jingina ta da filo. Har da ɗan murmushinta.

Na zura batirin na kunna. Alamar caji ja ce, ko layi ɗaya babu. Na yi sauri na danna kafin ta mutu. Haske ya wanke ɗakin.

Layi ɗaya ya fito.

Na ce a raina ɗumi ne ya tashe shi. Hannun Inna da ke riƙe da bakin zani ya saki, amma ni a kan allon kyamara idona yake.

Mai hoto ba ya ɗauka sau ɗaya. Sau uku ne, don kada wani ya ƙifta ido. Abin ya zauna min a yatsa, ba ya ma shawara da ni.

"Inna, ƙara ɗaya."

Layi biyu.

Numfashinta ya koma wani siririn fito. Yaya ta kama gefen rigata, ta raɗa min cewa ya isa haka. Na duba hoton, na ga idon Inna ya ɗan lumshe. Wai ni mai aiki da tsabta.

"Na ƙarshe," na ce.

Layi uku. Ya cika taf.

Fiton ya tsaya. Yaya ta fara salati.

Na kalli allon. Tsohon nan na zaune a wajen kan Inna.

Na ɗaga kai, babu kowa. Na mayar da ido, ya juyo yana kallona.

Na danna makashi, ta ƙi mutuwa. Igiyarta ta shaƙe min wuya. Kyamarar ta juya da kanta a ƙirjina, idonta ya kalli fuskata. Jar fitilar da ke gabanta ta fara ƙiftawa, tana ƙara, ɗit, ɗit. Daƙiƙa goma take yi kafin ta ɗauka, na sani sarai.

Murfin batirin ya cije. Ƙaurin nan ya cika ɗakin. Ina ƙirga daƙiƙoƙin a raina.

Shida. Bakwai.

Na cusa farce na ɓamɓara da iya ƙarfina. Farcen ya tsage, batirin ya faɗi ƙasa, tim. Allon ya yi baƙi.

Da safe muka kai Inna. A kwanar gada babu tebur, babu ko sawunsa. Babban yatsana har yau ba na jin sa.

Na sa memorin kyamarar a kwamfuta, wayam. Na gwada da batirana uku, wayam. Bayan mako na yi ta maza na mayar da na tsohon, na toshe idon kyamarar da murfi. Ga Inna nan ita kaɗai, ɗankwali a gyare, ido a buɗe tar, tana murmushin da ta ajiye min shekara goma sha tara. Ban fi minti ɗaya ina kallonta ba, layi na uku ya fara rawa. Na cire shi da sauri, na ji ɗuminsa ya ragu.

Yana nan a aljihun tebur ɗina, naɗe cikin ɗankwalinta. Babu cajar da ke karɓarsa. Na san abin da yake ci, kuma ba zan ba shi ba.

Jiya Yaya ta zo shago. Ta zauna tana murza gefen mayafi.

"Auta, nuna min ita mana. Ko sau ɗaya."

Na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ki bari, Yaya. Batirin zai sauka."

Ta ce to.