Dokin Ƙofar Gidan Malam Audi

"Ƙarya kike, Suwaibatu!"

"Tau, ƙarya nike. Ina keken naki?"

Lauratu ta dubi lungun da keken ke kwana. Wayam! Tun shekaranjiya saurayinta Bilya ya ɗora shi a motarsa ta ɗaukar auduga, wai zai kai batir caji Funtuwa. A da batirin kawai yake cirewa. Wannan karon ya ce a ba shi har keken, ita kuwa so ya hana ta tambayar dalili.

Shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana goye. Da kuɗi suka shigo ƙasa, mahaifinta Alhaji Gide ya dawo daga Makka da keke mai batir, wanda ake danna maɓalli ya tafi da kansa. Duk Kankara ba a taɓa ganin irinsa ba.

Suwaibatu, 'yar kawunta, ta matso da fuskar tausayi. Tausayin nan kuwa na wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Bilya ne.

"Jiya na ganshi a Faskari da idona. Zaune bisa kekenki, ya lanƙwashe ƙafafu irin naki, yana kewaya gidansu, samari na ta dariya. Kwaikwayonki yake, 'yar'uwa... Kuma kin san tsohonshi ya rantse gurguwa ba ta shigar mashi gida."

Zuciyar Lauratu ta yi baƙi ƙirin. Ashe duk kalaman nan na zaure wasa ne? Ko dukiyar Alhaji ya hango? Ta yi kuka har ta gode Allah, sannan ta share hawaye ta kira gwaggonta Baraka.

"Gwaggo, ki sa direba ya fiddo mota. Gani ya kori ji."

Tun kafin motar ta tsaya a ƙofar gidan Malam Audi, mahaifin Bilya, ta hango shi. Ga Bilya kan kekenta, ƙafafu a lanƙwashe, yadda aka faɗa mata sak. Ga kuma tsohon tsaye a kansa yana faɗa.

"Kakanka ya gina dokin ƙofar nan! Ka rushe shi, damina ta zo mu kwana cikin ruwa?"

"Na haƙa ma ruwan hanya ta gefe, Baba..."

"Bilya!"

Ya waiwayo a firgice, ya diro, laka har gwiwa, ya nufo tagar motar.

"Lauratuna! Mi ya kawo ki?"

"Na zo kallon wasan da kake da ni. In ce ko an yi dariya an ƙoshi?"

"Wasa?"

"Ba ka zauna irin zamana ba? Samari ba su yi dariya ba?"

"Sun yi. Kifewa na yi a ƙofar bayi."

Ta dube shi, shi kuwa ya sassauta murya.

"In ban zauna yadda kike zama ba, ta ina zan gane inda ke maƙale maki? Ƙofar ɗaki ta yi ƙunci, na faɗaɗa. Randa ta yi tsawo, na sauke ta. Zaurenmu ne ya rage. Ko a gidanku sai an ɗaga ki an tsallakar da ke dokin ƙofa, ina kallon yadda kike runtse ido. Ban so a shigo da matata kamar buhun auduga, masoyiya. So nike ki shigo da kanki."

"Mi ya hana ka gaya mani?"

"In Baba ya hana fa? In sa maki rai a banza?"

Kunya ta rufe Lauratu, daɗi kuma ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Gwaggo Baraka ta yi tsaki ta ce zato zunubi ne, za ta haɗu da Suwaibatu.

Malam Audi duk ya ji. Ya tako a hankali, ya dubi yarinyar da ta sunkuya tana gaishe shi, ya dubi gangaren laka da ɗansa ya yi a bakin zaure.

"Kai sakarai ne," ya ce da ɗan nasa. "Wannan gangaren ya yi tsaye, kifar da ɗiyar mutane zai yi. Miƙo mani fatanyar nan."

Bayan an gama cirar auduga aka ɗaura aure. Ranar kai amarya, mata suka kewaye keken a ƙofar gida, suna naɗe hannun riga za su ɗaga kamar yadda aka saba. Lauratu ta fiddo hannu daga cikin mayafi ta danna maɓalli.

"Ke! Amarya ba ta sauri!" Gwaggo Baraka ta ƙwala ihu.

Ina! Ta riga ta wuce zaure, 'yan rakiya na biye da ita a guje suna guɗa.