A Kashe A Ga Mai Ihu

Ranar Laraba, a ɗakin taro, Injiniya ya bugi ƙirji ya ce babu wata na'ura a ginin kamfanin da bai san cikinta ba. Ya ce ko daga barci aka tashe shi, zai faɗi abin da kowacce take ci da abin da take amayarwa. Mutum goma sha ɗaya ne a zaune, kuma duk sun ji shi.

Kamfanin na safarar kaya ne, manyan motocinsa sun haura saba'in. A ƙasan bene, bayan ɗakin ajiyar takardu, akwai wani ɗaki mai sanyi inda manyan kwamfutocin kamfanin suke, waɗanda ake kira saba. Guda takwas ne jere a cikin kantar ƙarfe mai ƙofa. Akwai ta saƙonni, akwai ta bin sawun motoci, akwai ta sunayen ma'aikata, kowacce ta tsufa tana nishi. Sai Manaja ya sayo sabuwa guda ɗaya, ƙatuwa, baƙa wuluk, aka kafa ta a gefe. Shirin shi ne a kwashe tsofaffin nan a zuba su cikinta, a yanka wa kowacce ɗakinta, ta ci gaba da aiki kamar tana nan da jikinta alhali jikin yana bola. Injiniya aka ɗora wa tsara yadda za a raba ɗakunan.

"Gidan haya ne kawai, Yaya," in ji shi. Manaja yayan matarsa ne, kuma shi ya ɗauke shi aiki. "Kowa da ɗakinsa, banɗaki ɗaya."

Manaja ko murmushi bai yi ba.

"Litinin nake son ganin tsarin a bango. In ka kwafsa wannan, ko ƙanwata ta zo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ofishina, kujerarka ta tafi."

Nan ne mataimakiyar Injiniya ta ɗaga biro. Mace ce mai tabarau, ta fi shi karatu nesa ba kusa ba, shi ya sa ba ya so ta buɗe baki a taro.

"Yallaɓai, ta taran fa?"

"Wace ta tara?" in ji Injiniya.

"Wadda ke ƙarƙashin tebur. Mai takarda a goshi, an rubuta kada a kashe."

"Wannan? Fanko ce, Malama. Na duba cikinta tas."

Ƙarya yake shararawa. Gadonta ya yi daga tsohon injiniyan da ya ajiye aiki da wuya a karkace, bai bar masa ko lambar sirrin shiga ba. Shekara shida ke nan, abin da ya haɗa shi da ita bai wuce ɗora ƙafa a kanta ba in sanyin ɗakin ya ishe shi, don kullum da ɗuminta.

Amma masu wannan sana'a suna da wata dabara. In ka rasa sanin aikin na'ura, ka kashe ta ka koma gefe ka kasa kunne. Wanda ya yi ihu, shi ne mai ita. In babu wanda ya yi, sai bola. Injiniya ya sha yin haka, har yakan ƙara da nasa iya shegen, ya kashe wa mutum injin buga takarda ya laɓe yana dariya.

Ya bari sai Alhamis da yamma, da aka tashi aiki. Lissafinsa, in ihun na Manaja ne, zai riga shi zuwa da safe ya kunna abinsa ya yi fuskar salihai.

Rana ta yi ja lokacin da ya sauka. Mai shara ta gama goge matattakala, warin ruwan sabulu bai bushe ba. Ya manna katinsa, ƙofar ƙarfe ta buɗe, ta rufe kanta a bayansa.

Sanyi ya dake shi. Ɗakin na warin ƙura da robar waya mai ɗumi. Fankokin sabobin suna ta gurnaninsu, ƙananan fitilu kore suna ƙiftawa. Ya durƙusa gaban tebur. Ga ta nan, akwatin da ya taɓa zama fari ya koma ruwan ƙasa, takardar goshinta ta yi rawaya.

Yau wani wari ne daban yake fitowa daga ramukan iskarta. Kamar hayaƙin itace. Kamar nono da ya zuba a zani.

"Ɓera ya mutu," ya ce wa kansa. Ya ɓalle takardar, ya duƙunƙune ta, ya danna maɓallin ya riƙe.

Fankar ta rage gudu. Ta ja. Ta tsaya.

"To, mai ihu, bismillah," ya ce yana dariya. Ya miƙa hannu baya don ya zare wayar wutarta daga bango.

Wayar ta biyo hannunsa salin alin. Guntuwa ce, ba ta kai kamu biyu ba. Bakinta a gutsure, ya yi tsatsa.

Ba a jone take da komai ba. Da daɗewa ma.

Ya tsaya yana kallon guntun wayar.

Sabobin nan takwas suka yi tsit a tare. Fitilun suna ci, amma babu sauti ko ɗaya. Har bugun zuciyarsa yake ji a kunne.

Sai jariri ya fara kuka a cikin akwatin.

Ƙaramin kuka ne, mai karkarwa, irin na sabon haihuwa da aka yaye wa zani.

Injiniya ya ja da baya da gwiwa.

Wata murya ta yi raɗa dab da kunnensa na hagu. Muryar tsohuwa ce, numfashinta da zafi.

"Wa ya kashe murhun?"

Bai samu ya amsa ba. Mari ya sauka.

Bai ga hannu ba, amma ya ji faɗinsa, tun daga kunne har haɓa. Ya tashi sama ya daki kantar ƙarfe da baki. Wani abu ya ɓalle a bakinsa, ya tofar. Haƙori ne, ya gangara ƙarƙashin tebur yana ƙara.

Ya rarrafa wajen ƙofa. Ya manna kati. Fitila ja.

Ya sake mannawa. Ja.

Wayoyin da ke kwance a ƙasa suka motsa. Shuɗiya ta naɗe masa idon sawu, rawaya ta bi bayanta. Aka fizge shi. Haɓarsa ta daki tayil, aka ja shi a kife tun daga ƙofa har gaban tebur, jini yana zana hanya.

"Jikata ta haihu kwana tara," in ji muryar. "Ɗakin nan ƙanƙara ne. Nan kaɗai ke da ɗumi."

"Inna, ki yi haƙuri, ban sani ba."

"Ba a rubuta maka ba?"

Aka ɗaga shi ta ƙafa, kai a ƙasa. Makullai da wayar hannu suka zube daga aljihunsa. Aka sake shi.

Ya faɗo da kafaɗa. Wani abu ya ce ƙas a ciki.

Kukan jaririn ya fara shaƙewa.

"Kunna."

Ya danna maɓallin. Akwatin ya ce ƙit, ƙit, ƙit. Ya yi shiru. Ya sake dannawa. Ƙit, ƙit. Wannan kam ya san shi. Tsohuwar na'ura in ta shekara da shekaru tana gudu, ranar da ta tsaya ta tsaya ke nan.

"Ta ƙi, Inna."

Aka kama hannunsa na dama. Aka shimfiɗa shi a bakin kantar ƙarfe, a hankali, kamar za a yanke masa farce. Ƙofar kantar ta buɗe da kanta.

Ta rufo.

Ihun da ake nema, shi ya yi shi.

Yatsu biyu sun juya inda ba a halicce su su kalla ba. Ƙofar ta sake buɗewa, tana jira.

"Akwai sabon gida!" ya faɗa da majina da jini. "Inna, wallahi akwai sabon gida! Ga shi can, baƙin nan. Babu kowa a ciki."

Ƙofar kantar ta tsaya cak.

"Da ɗumi?"

"Ya fi wannan sau goma. Zan yanka muku ɗaki."

Wayoyin suka sassauta. Ya ja jiki zuwa allon sabuwar sabar, ya shiga da hannun hagu, harafi ɗaya ɗaya. Ya buɗe sabon ɗaki, ya ba shi kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin na'urar.

Aka ranƙwashe shi a ƙeya har goshinsa ya daki allo.

Ya mai da shi rubu'i.

Ƙofar kantar ta yi ƙara a bayansa.

Ya ba su rabi cif.

Fankokin sabuwar suka ɗauki gudu. Iska mai zafi ta fara fitowa ta bayanta. Wani abu ya wuce ta gefensa, da yawa, masu sauƙin taku, da ƙarar kwanuka da jan tabarma. Kukan jaririn ya koma can cikin baƙin akwatin, ya lafa, ya zama tsotso.

"Kai ka ba mu," in ji tsohuwar. "Ranar da aka taɓa ɗakin nan, sauran yatsu takwas ɗin da ke hannuwanka namu ne. Ɗaya bayan ɗaya."

Fitilar ƙofa ta koma kore. Bai tsaya neman takalminsa ba.

A gida ya gaya wa matarsa ɓarayi ne suka tare shi, su uku. Da aka je wajen mai ɗori suka zama biyar. Kwana uku yana kwance yana juya abu ɗaya a kansa: sabobi takwas ba za su shiga rabin gida ba, ko da tsiya ko da arziki.

Litinin ya shigo ɗakin taro da hannu a naɗe, leɓe a kumbure, yana magana iska na fita ta gurbin haƙori. Kafin a zauna ya riga ya ba da labari sau biyu.

"Su bakwai ne, Yaya. Biyu na kwantar, sauran suka ga ba wasa."

"Sannu," in ji Manaja. "Tsarin."

Mataimakiyar ta haɗa kwamfutarta, hoton cikin sabuwar sabar ya fito a bango. Ta gyara tabarau, ta dubi Injiniya.

"Yallaɓai, akwai matsala. Ba mu zuba komai ba tukuna, amma rabi ya tafi. Ga wani ɗaki nan babu suna, an buɗe shi ranar Alhamis ƙarfe shida da minti arba'in. Da sunanka aka shiga."

"Gwaji ne."

"Gwajin me? Ya cinye wurin saƙonni da na motoci. Kuma zafin na'urar ya fi ƙa'ida."

"Gwajin zafi ne, Malama. Ba a koya muku wannan a jami'a ba?"

Wani ya yi dariya. Manaja ya ƙwanƙwasa tebur.

"In gwaji ne, an gama. Goge shi mu ci gaba."

"Yaya, a bar shi zuwa jibi."

"Goge shi."

"Hannuna ba lafiya."

"Nawa lafiya lau," in ji Manaja. Ya jawo kwamfutar gabansa. "Ina ake dannawa, Malama?"

Ta nuna masa. Ya danna. Wani ɗan akwati ya fito a bango yana tambaya ko ya tabbata.

Injiniya ya ji zafi dab da kunnensa na hagu.

Hannunsa mai lafiya yana kan tebur, gaban kowa. Ɗan ƙaramin yatsan ya ɗaga shi kaɗai. Ya miƙe tsaye. Ya fara lanƙwasawa baya.

Shugaban direbobi ne ya fara gani, ya ture kujerarsa.

Ƙas.

Injiniya ya haye teburin da ciki, ya watsar da kofunan shayi, ya rungume kwamfutar da hannuwa biyu karyayyu.

"Kada ka danna! Yaya, don girman Allah! Akwai mai jego a ciki!"

Babu wanda ya yi dariya. Duk idanu suna kan yatsa na kusa da wanda ya karye, don shi ma ya fara ɗagawa.

Manaja ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a cinya. Mataimakiyar ta miƙa yatsa ɗaya ta danna a'a. Akwatin ya ɓace daga bango. Yatsan ya koma ya kwanta.

Shayi yana ɗiga daga bakin tebur.

"Ta taran nan," in ji mataimakiyar, muryarta ƙasa ƙasa. "Ka taɓa buɗe ta?"

"Ban taɓa ba."

"Ka san lambarta?"

"Ban sani ba."

"Amma ka kashe."

Ya gyaɗa kai, kumatunsa a cikin shayi.

Manaja ya share gumi da hankici. Ya dubi matar.

"Malama, daga yau tsarin yana hannunki. Ki rubuto mini kuɗin wata sabar, wannan tana da masu ita. Kada kowa ya taɓa ta." Ya juyo ga mijin ƙanwarsa, wanda har yanzu yake kwance a kan tebur kamar kayan wanki. "Kai kuma kujerarka tana ƙasa, a ƙofar ɗakin nan. Tunda kai ka ba su haya, kai ne mai gadinsu."

Ya tashi zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ɓarayi nawa ka ce?"

Injiniya ya ɗago kai ya dubi mutum goma sha ɗaya.

"Tsohuwa ce, Yaya," ya ce. "Ita kaɗai."