Sai Kifi Ya Dawo

Ran da Emrys ya fara ganin Nerys, inuwarsa ce ta riga shi isa. Inuwar ta faɗa kan kogi, kifin tirawut ɗin da Nerys take lallaɓawa tun safe ya nutse.

"Bawan Allah, rana a bayanka kake tsayawa bakin ruwa?" ta ce.

Ya ba ta haƙuri yana in'ina. Tun daga ranar zuciyarsa ba ta ƙara zama tasa ba.

Sai dai Emrys mai yankan katako ne, kuma so ya sa shi rawar kai. Ya ga ƙugiyar mahaifinta, tsoho Idwal, kullum tana maƙalewa a rassa, sai ya sare itatuwan da suka lulluɓe gurbin da tsohon ke kamu, wai gwaninta. Rana ta buɗe ruwan, ya yi ɗumi, kifayen suka watse, don tirawut ba ya zama inda babu inuwa.

Idwal ya ce, "Ka kwashe min inuwa, kuma 'yata kake so? Ran da kifi ya dawo, ka dawo."

Emrys ya yi dashen itatuwa, ambaliya ta tafi da shi. Ya sake, tumaki suka cinye. Ga Gethin ɗan mai otal ya mai da gidan Idwal wurin shan shayi, yana neman Nerys. Baƙin ciki ya ishi Emrys, ya tura mata saƙo:

"Hasken idona, itace ba ya sauri. Ki auri Gethin, kada ki tsufa kina jirana."

Ta amsa: "Sarkin ɓarna, wa kake zaton ya kewaye dashenka da waya?"

Shekaru suka shuɗe. Inuwa ta dawo, kifi shiru. Furfura ta fara leƙowa a kan Nerys, Emrys ya fid da rai.

Wata yamma Idwal, wanda yanzu da kyar yake tafiya, ya sa Emrys da Nerys suka kai shi bakin gurbin. Ya daɗe yana kallon gashin 'yarsa. Can sai ruwa ya ce tsulum a ƙarƙashin rassa.

"Kun ji? Kifi ne," in ji shi. "Ku je ku ga fasto. Allah ya yi muku albarka."

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin ƙauyen. Ran nan a bakin gurbi, Emrys ya ga tsakuwar da ta yi tsulum ɗin lokacin da ta bar hannun tsohon, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba.