Yatsa Huɗu Ƙasa da Gwiwa

"Ki rufa min asiri, Dada... don girman Allah!"

Mikail ne ke magana, yana tsugune a soron gidan Malam Nata'ala tela a unguwar Zaitawa, bayan la'asar. Farar shadda ce a jikinsa, ta sha guga, ta sauka har idon sawu. Wanda ya gan shi cikin wannan shigar zai rantse ko sauro bai taɓa ganin ƙwaurinsa ba.

'Yardada, autar Malam Nata'ala, tana tsaye ta jingina da bango, waya a hannunta. Saura kwana goma sha tara a ɗaura musu aure.

"Asirin wa zan rufa?" ta ce. "Wanda ka buɗe wa teku?"

Shekaranjiya wani hoto ya shigo. Wani mai son zumunci ne ya turo wa Baffa Isyaku, ƙanen mahaifinta, shi kuma ya raba wa dangi kaf domin kada ladan ya tsaya a kansa shi kaɗai. Ga Mikail a bakin teku yana dariya, wata doguwar mace ta kwantar da kai a kafaɗarsa, hannunta zagaye da ƙugunsa. Ga kuma gajeren wando.

Abin da ya tayar da hankalin dangi ke nan. Macen ba ta dame su sosai ba. Wandon ne.

A cikin birni gajeren wando iri-iri ne, kowanne da iyakar da aka shata masa. Akwai na ciki mai roba, wanda dattijo ke sawa ƙarƙashin dogon wando, ya ƙare rayuwarsa ba wanda ya san launinsa sai matarsa. Akwai na 'yan ƙwallo mai santsi, an yafe masa daga la'asar zuwa magariba, muddin bai biyo ta ƙofar masallaci ba. Akwai tirikwata mai aljihu shida, na samarin da ke son a ce sun waye amma suna tsoron iyayensu. Ya wuce gwiwa, bai kai idon sawu ba, ya tsaya a tsakiya kamar masu shi. Na masu ga-ruwa kuwa tsohon dogon wando ne da aka datse da reza, kuma ba a ganin laifinsa, tunda mai shi ma ba a cika ganinsa ba.

Na cikin hoton bai shiga ko ɗaya ba. Ya tsaya taƙi guda saman gwiwa, a jikin mutumin da ke neman 'yar gidan mutunci.

"Na gaya wa Baffa tsohon hoto ne," in ji Mikail. "Lokacin hidimar ƙasa, shekara biyar ke nan. Ban ma san ki ba a lokacin. Ya fara saukowa wallahi. Gobe kawuna Alhaji Jibrin zai zo daga Dukawuya a ba da haƙuri, shi ke nan magana ta wuce."

"Shekara biyar."

"Eh mana."

"Mikail, kalle ni."

Bai kalle ta ba. Ya sami wani abu mai muhimmanci a jikin takalminsa.

"Wata huɗu da suka wuce wannan wandon zane ne a ƙasan akwatina!"

Gaskiyarta. Cikin azumi ne ya yi ta yi mata ƙorafin zafin Legas, inda yake aiki, yana cewa ko a ɗaki mutum ba ya iya zama da dogon wando. Ita kuwa soyayya ta sa ta yin abin da 'yar tela kaɗai za ta iya. Ta faki idon mahaifinta ta buɗe littafin awo, inda aka rubuta awon Mikail tun ɗinkin sallar bara. Ta kwafi ƙugu da cinya. Sannan ta ciro saƙin marigayiya mahaifiyarta, Nana Hauwa, baƙi mai ratsin fari da ja, wanda ta yi shekara tara ba ta yarda ko ƙawa ta taɓa ba, ta sa masa almakashi.

Kwana uku tana ɗinki, a lokutan da Baba ya tafi tafsiri. Ta yi masa zariya maimakon roba, domin roba na cin ƙugu. Ta sa aljihu biyu. Tsawon kuwa ta kai shi yatsa huɗu ƙasa da gwiwa, yadda ko sallah ta kama shi a ɗaki zai iya tayarwa. Ta naɗe a leda, ta cusa ƙarƙashin dambun naman da ta ba shi ranar komawarsa.

"To, na yarda," ya ce a hankali. "Watan jiya ne. Amma ba abin da kike zato ba ne, sahibata. 'Yar ofishinmu ce, fita aka yi gaba ɗaya..."

"Wa ya yanke shi?"

"Me?"

"Ni ƙasa da gwiwa na ɗinka. Wa ya yanke?"

Ya sosa ƙeya.

"Cewa ta yi... wai kamar na tsofaffi. Wai a can ba a sa irinsa. Sai ta kira irin telolin nan masu yawo da keke a kafaɗa..."

"Ita ta kira."

"Dada..."

"A ina ta ga wandon da na ce maka na zaman ɗaki ne?"

Wani mai babur ya wuce ta lungu yana ta hon, kamar an aiko shi ya cike gurbin amsar.

"Guntun da aka yanke fa?" ta ce. "Yana ina?"

"Haba, Dada! Ƙyalle ne fa..."

"Zanen uwata ne!"

Nan ya miƙe tsaye, ya kaɗe shaddarsa. Ya gama roƙo, ya koma lissafi, kuma a lissafi ya fi ƙwarewa.

"To bari in gaya miki. In kika buɗe baki, kanki za ki fara tonawa. Me za ki ce wa Baba? Kin saci awon namijin da ba muharraminki ba, kin ɗinka masa wandon ciki kafin aure? Baffa Isyaku zai tambaye ki yadda aka yi kika san faɗin cinyata. Gobe duk Zaitawa ta ɗauka. Ni namiji ne, kwana biyu an manta. Ke fa?"

Ta daɗe tana kallonsa. Shekara biyu tana son mutumin nan, ta haddace yadda yake tari a waya, amma yau ta fara ganin fuskarsa.

"Na gode, Malam Mikail," ta ce. "Ka gaida gida."

Washegari da hantsi aka hallara a soro. Malam Nata'ala ya ture keken ɗinkinsa gefe aka shimfiɗa darduma. Alhaji Jibrin ya zo da goro da carbi mai tsada. Mikail ya zauna can baya, kai a sunkuye, kamar sabon tuba. 'Yardada na bayan labulen ƙofar shiga gida, inda mata ke jin shari'ar da ake yi a kansu.

Baffa Isyaku ya yi kusan rabin sa'a a kan gwiwa. Ya faɗi inda al'aurar namiji ta fara da inda ta ƙare. Ya kawo saɓanin malamai a kan ita gwiwar kanta, ko tana ciki ko tana waje. Ya nuna a ƙafarsa, ta saman wando.

"Da tirikwata ce ma, Alhaji, da sauƙi! Amma wannan? Cinya a waje kamar ɗan dambe!"

"Ƙuruciya ce, Malam Isyaku," in ji Alhaji Jibrin. "Wa bai yi ba? Ni kaina da gajeren kaki na yi firamare."

"Kana ɗan shekara nawa?"

"To... ai shi ma shekara biyar ke nan. Yaro ya shiryu. Dubi shigarsa yanzu."

Aka dubi shigarsa. Shadda ta yi aikinta.

Macen da ke hoton an ba ta minti ɗaya. Alhaji Jibrin ya ce ai mutanen can haka suke ɗaukar hoto, ba su ɗauke shi komai ba. Baffa Isyaku ya gyaɗa kai, domin shi ma ya taɓa zuwa Legas sau ɗaya.

"Shi ke nan," ya ce. "Tunda tsohon abu ne, kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara ba, ni na janye. Yaya, sai a yi fatiha."

Malam Nata'ala kuwa hoton yake ta dubawa tun da aka zauna. Wayar Baffa na hannunsa, ya kusanto da ita fuska, tabarau a ƙarshen hanci.

"A kira min 'Yardada," ya ce.

"Yaya, me ya kawo yarinya cikin maganar manya?"

"Ita za ta zauna da shi, ba kai ba."

Ta shigo cikin hijabi ta durƙusa. Mikail ya ɗago ya yi mata wani kallo, rabi roƙo rabi gargaɗi.

"Uwata," in ji mahaifinta, "kin ji abin da aka ce. Hoton shekara biyar ne. Kina da magana?"

Abu ne mai sauƙi. Ta ce babu, a shafa fatiha, a ci goro, nan da kwana goma sha takwas ta zama matar aure mai mutunci, a gidan mutumin da ya san ya taɓa rufe mata baki da kunyarta, kuma ya ga abin ya yi aiki.

"Baba... ba shekara biyar ba ne."

"Ke!" in ji Baffa Isyaku. "Ina kika sani?"

"Ni na ɗinka wandon, Baffa. Cikin azumin bana."

Carbin Alhaji Jibrin ya tsaya.

"Innalillahi! Ke kika... Wando? Na namiji? Wa ya ba ki awonsa?"

"A littafin Baba na ɗauka, bai sani ba. Na yi laifi, ku yafe min." Hawaye ya zubo, ba ta share ba. "Amma ni yatsa huɗu ƙasa da gwiwa na yi shi. Wadda ke jikinsa a hoton ita ta sa aka yanke. Jiya ya gaya min da bakinsa. Ya kuma ce in na faɗa, ni zan ji kunya, ba shi ba."

Alhaji Jibrin ya juya a hankali.

"Mikail. Haka ne?"

"Kawu, ni... wato abin da ya faru..."

"Ka sa na taso tun daga Dukawuya da furfurata in zo in yi maka shaidar zur?"

"Kawu, wallahi ina son ta! Dada, ki gaya musu ina son ki!"

Ba ta gaya musu ba.

Baffa Isyaku ya rasa wanda zai fara yi wa faɗa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Ya buɗe baki wajen 'Yardada, sai yayansa ya ɗaga hannu.

"Isyaku, tawa ce, ni zan ji da ita. Alhaji, mun gode da tattaki. Gobe mata za su mayar da akwatuna."

Aka watse ba fatiha. Goron ma a nan aka bar shi.

Kafin azahar labari ya kai har unguwar Shahuci. Kamar yadda Mikail ya yi hasashe, sunanta aka fi kira. A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Tana nan durƙushe inda suka bar ta. Malam Nata'ala ya jawo kekensa ya zauna, ya zura zare a allura, bai taka ba.

"Baba, ka yafe min..."

"Aljihun hagu," ya ce.

Ta ɗago.

"Tun kina 'yar shekara goma sha biyu nake gaya miki kina karkatar da aljihun hagu. Har yau ba ki daina ba. Ina ganin hoton na gane hannunki. Saƙin kuwa ni na saya wa uwarki a kasuwar Kurmi, shekarar da aka haife ki. Kina zaton zan manta ratsinsa?"

"Ka sani... tun ranar da hoton ya shigo?"

"Na kuma ga kalmasar ƙafar ba taki ba ce. Farin zare a kan baƙin saƙi! Ko makaho na koya wa ɗinki ba zai yi min haka ba."

"Me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?"

"In na faɗa, ni na tona ki a gaban mutane. Na ce bari in ga ko za ki iya da kanki."

"Da na yi shiru fa?"

"Da na bi sahun Isyaku na fasa auren a kan maganar gwiwa. Gari ya ce tsohon tela ya cika tsauri. Ai na saba."

Sai a lokacin kukan ya ƙwace mata, mai sauti, irin wanda ta riƙe tun jiya. Ta kifa kai a gwiwarsa.

"Ina son shi fa, Baba... wallahi ina son shi..."

"Na sani, uwata. Ba a yanka irin wannan zanen don wanda ba a so."

Ya bar ta ta yi mai isarta, hannunsa a kanta. Da ta lafa ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa fiye da yadda tabarau ke buƙata.

"Saura nawa a saƙin?"

"Bai fi kamu biyu ba."

"Ki mayar ƙasan akwati. Wanda Allah ya kawo nan gaba, ki bari a ɗaura tukuna."

Ya jawo littafin awo, ya buɗe shafin Mikail, ya yage shi a hankali, ya miƙa mata tare da almakashi.