Tsohuwa da Faifan Caji

A wani gari can, an yi wata tsohuwa mai gajen haƙuri. 'Yarta da ke aure nesa ta aiko mata da faifan caji, irin wanda ake ɗora waya a kai kawai ta sha wuta. Ran nan 'yar ta haihu, aka ce da la'asar za ta kira, kaka ta ji kukan jikanta. Wayar kuwa saura ƙiris ta mutu.

Tsohuwa ta ɗora, ta ɗaga ta duba. Ta sake ɗorawa, ta sake ɗagawa. Caji ko motsi!

Ta ce da mijinta, "Malam, abin nan ƙarya ne!"

Ya ce, "Haba, tukunyar miya ce? Akwai zaren tagulla nannaɗe a faifan, akwai wani a bayan wayar. Sai suna manne wuta ke tsallakawa. Kina ɗagawa ta yanke."

"To, ni hannuna ba ya jin magana."

"Kawo shi nan."

Ya riƙe hannuwanta biyu, tana ta mita, har aka kira la'asar. Sai ga waya ta ɗau ƙara, cike da caji.

Tsohuwa ta ce, "Sakar min ɗaya, Malam. Ɗayan ci gaba da riƙewa."